Baba Ilu da Layin Labarai

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar albasa ta Kasuwar Relief ya san Baba Ilu, ƙanin kakana, ba ya barin labari a rabi. Jarida ko wadda aka naɗe tsire da ita ce, sai ya karance ta har tallan maganin basir. Bayan la'asar yakan karanta da ƙarfi yana juya mana da Hausa, mu da 'yan dako mun kewaye shi. Wannan zaman shi ne sarautarsa.

Sai wayoyi suka shigo. Kafin ya gyara tabarau, aljihun wani ya yi ƙara.

"Baba, mun gani tun safe."

"Kun gani ko kun karanta? To, me ya faru a ƙarshe?"

Sai kowa ya koma duba wayarsa.

"Kun ji ba! An lashi miya an ce an ci tuwo."

Zaman ya fara watsewa, abin kuwa ya ci masa rai. Ɗansa ya sayo masa tasa wayar don ya huce. Ai kuwa ya jawo mana! Baba ya ce labaran da ke faɗowa baƙi ne, kowa ya bi layi. Ba ya buɗe na yau sai ya sallami na jiya. Kan ka ce kwabo duniya ta yi masa nisa. Ran nan ya tare wani ɗan okada, hankali tashe: "Kada ka bi hanyar Upper Iweka, tirela ta faɗi!"

"Haba Baba, which time? Wannan ai tun kafin azumi!"

"To, ni yanzu ta faɗi a wurina."

Na ce ya kawo in share masa tsofaffin. Ya rungume wayar a ƙirji: "Mutum ya zauna ya rubuta, ni in kore shi da ɗan yatsa? Ba haka aka rene ni ba."

Da idonsa ya yi rauni, ni kaɗai na rage, ni ke karanta masa. In na tsallake layi, sai in ji sanda a ƙwauri.

Ranar da ya rasu na tura sanarwa a zaurenmu na waya, lokacin jana'iza yana can ƙasa. Wallahi rabin kasuwa kan saƙon kawai suka gani, suka iso muna dawowa daga maƙabarta. Na buɗe baki zan yi faɗa, dariya ta ƙwace mini, hawaye suka biyo ta.

Allah ya jiƙan Baba Ilu, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi littafinsa a hannun dama. Amin.