Kaza Ta Taka, Yaya Isuhu Bai Tashi Ba

Shekara shida ke nan da muka binne Yaya Isuhu a nan Dakoro, kuma har yau in na ga kaza tana ɗingishi sai raina ya ɓaci.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya fara kai ni kasuwar dabbobi, ya koya mini in buɗe bakin bijimi in duba haƙora kafin in saurari mai shi. Bin kasuwanni a ƙasa, daga Azagor har Bader Gula, ya cinye mishi gwiwar dama. Na kai shi Yamai aka sa mishi ta ƙarfe, ya dawo yana tafiya ba sanda. Ranar da za a sallame mu, lokotoro, wato likitan da ya yi aikin, ya faɗa mini da Hausa, ba da Faransanci ba: in wani abu ya sami ƙafar nan, kada kowa ya ja ta, a kawo shi asibiti.

Bayan shekara biyu ya zame a bakin rijiya wajen shayar da shanu. Cinyar ta karye daidai saman ƙarfen. Ina Azagor aka kira ni a salula. Kafin in iso, Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya riga ya aika an ɗauko maɗori daga wani ƙauye wajen Rumbu.

Ba na zagin maɗorin. Ya tayar da mutane da yawa, har da ni, lokacin da bijimi ya karya mini hannu. A gidansu haka suke aiki: a kamo kaza, ya karya mata ƙafa, ya ɗaure da kara kamar yadda zai ɗaure ta mutum. Ranar da kaza ta taka, mai karaya ya kusa tashi. Da maɗorin ya ga dogon tabo a gwiwar Yaya sai ya tambaya ko na mene ne. Baffa ya ce tsohon ciwo ne.

Na ja shi gefe na ce, "Baffa, lokotoro fa ya ce..."

"Lokotoro ne ya haife ka? In mutumin nan ya ji akwai ƙarfe naɗe kayanshi zai yi. Can asibiti kuma yanke ƙafar za su yi. Kai dillali ne, Habu, tsaya ga shanunka."

A gidanmu ɗa ba ya ta da maganar baffanshi a gaban baƙo. Ni da ban taɓa sayen akuya ban shafa ta ba, na bar cinyar wana a kan shaidar kaza. Ni na danne mishi kafaɗa ma lokacin da ake ja.

Kwana ashirin kaza ta taka, mata suka yi guɗa. Kwana arba'in Yaya yana kwance, ƙafar ta gajarce, bayanshi ya yi gyambo. Sai sannan aka yarda na kai shi Maradi. Lokotoron can ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna mini: kawunan sun hau juna, ƙarfen ya yi sako-sako. Ya ce da a makon farko ne, sai a buɗe a jera ƙashin, a sa wani ƙarfe a gefe a ɗaure da kusoshi. Yanzu sai babban aiki a Yamai, jikin kuma ba zai ɗauka ba. Ciwon ƙirji ya kama shi, bai kai Yamai ba.

Wajen zaman makoki kowa cewa yake kwana ne ya ƙare. Na yarda, rai na Allah ne. Amma ƙaryar tabon nan mu muka yi ta, kuma kaza ba ta da ƙarfe a gwiwa.

Da Yaya zai leƙo yau, zai ga kowa da salula, motoci sun yi yawa, amma har yanzu wanda ya fi tsufa ke yanke hukunci a kan ƙashin da bai gani ba. Na san abin da zai ce, don shi ya saba faɗa mini a kasuwa: ka duba tukuna. Shanunshi an raba, gidanshi an gyara har ba ya ganuwa. Wannan ɗabi'ar kaɗai ta rage mini daga gare shi, ita ce kuma na yar ranar da ya fi bukatarta.

Watan jiya Inna Hajo, matar Baffa, ta faɗi a tsakar gida, kwankwaso ya ƙi motsi. Na tarar an kamo kaza. Ban yi gardama da kowa ba. Na ja motata har bakin zaure, na ce wa mata su ɗauko ta da tabarmarta. Baffa ya ce in na fita da ita kada in sake taka gidanshi. Na ce to, Baffa.

An yi mata aiki, tana takawa da sanda. Baffa har yau ba ya amsa gaisuwata, ni kuma ban daina gaishe shi ba. Kazar, ni na yanka ta da hannuna, aka yi wa Inna romo.