Jesin da suka rage a kan igiyata

Ni ban taɓa zuwa kallon ƙwallo ba, ba na ma son fita. Amma na yi shekaru ina wanke wa ƙungiyar unguwarmu jesi a Durumi, saboda ƙanina ne golansu, kuma tsakar gidana ce mai doguwar igiya. Ranar wasa da safe kowane ɗan wasa zai yi sallama, ya shigo ya cire tasa da hannunsa, ya sha kunu, ya tsokane ni. "Anti, yau sabulun bai ji ba fa." In ce, "Warin hammatarka ne ya fi ƙarfin sabulu, wuce ka ba ni wuri." Daga wanki nake gane yadda wasa ya kaya. In jesi ta dawo da jar ƙasa har ƙeya, an fafata. In ta dawo fes, mai ita benci ya ɗumama.

Sai rusau ya zo. Katafila ta bi ta kan filinsu, aka zagaye shi da kwano, wai gidaje za a gina. Suka koma atisaye a wani kango bayan garejin makanikai, duk tsakuwa da fasassun kwalabe. Mutumin da ke ɗaukar nauyinsu ya daina ɗaga waya. Yau a ci su, gobe a ci su.

Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mini ya bar ƙungiya. Igiya ce ke faɗa mini. A tafi wasa, in leƙa waje in ga jesi tana lilo, ba wanda ya zo ɗauka. Wani satin su zama biyu. In ninke su in ajiye a ƙasan akwati, ko Allah zai sa mai ita ya dawo.

Ana cikin haka kocin wata babbar ƙungiya ta Utako ya zo har gidana neman ƙanina. Na shimfiɗa masa tabarma, na koma kicin ina kasa kunne. Ya ce masu kai 'yan wasa ƙasar waje za su zo duba yaransa, kuma gola yake nema. Ya ce, "Shekarunka suna tafiya. Irin wannan ƙofar ba ta buɗewa sau biyu."

Ƙanina ya ce, "Oga, na gode. Amma in na tafi, wa zai tsaya musu a raga?"

Mutumin na fita na fito da muciya a hannu. "Kai, wane irin taurin kai ne wannan? Duk sun watse, kai ne uban ƙungiyar?"

"Yaya, kocinmu ne ya saya mini safar hannu ta farko. In bar shi yanzu da ba fili?"

"To safar hannun za ka aura?"

Ya yi dariya, ya ɗauki jesinsa ya fita. Haka ya ci gaba da faɗuwa a kan tsakuwa. Gwiwar hannunsa ba ta warkewa, ni ke gasa masa da ruwan zafi ina masifa.

Da Allah ya kawo sauƙi, wani darakta a ma'aikatar gwamnati ya karɓi ƙungiyar. Ya sama musu fili mai ciyawa a Kuje, ya ɗinka sabbin jesi. Ranar na yi ta guɗa ni kaɗai a tsakar gida. Kafin wata ya ƙare, duk waɗanda suka gudu sun dawo, ana ta rungumar su. Ɗaya ma ya biyo ta gidana yana washe baki: "Anti, kwana biyu!" Na ce, "Jesinka na akwati, ta gaji da jiranka." Ya ce, "Haba Anti, wa zai sa wannan tsumman?"

Daraktan ya kawo sabon gola, dogo, ɗan yaro, daga ƙungiyar nan ta Utako. Aka ba shi lambar ƙanina. Kocinsu, wanda ƙanina ya zauna dominsa, bai iya kallon idonsa ba, sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai ai dattijon ƙungiya ne, yara za su koya a wurinka." Dattijo! Da ƙanina ya ba ni labari, na ce masa a gidanmu dattijo shi ake fara miƙa wa kwano, ba a ba shi jarkar ruwa ya bi yara da ita.

Na matsa masa ya koma wurin kocin Utako. Ya je. Aka ce masu dubawa sun zo sun tafi tun bara.

Yanzu ba a kawo mini wanki, inji ke wanke musu. Tsofaffin jesin na yayyaga su ina goge murhu. Ta ƙanina kaɗai na bari. Har yau ranar wasa yakan hau mota zuwa Kuje, ya dawo da rigarsa fes, ko ƙura babu. Yana cire takalmi yana cewa, "Yaya, ƙungiyarmu ta ci yau." Ni dai in tura masa tuwo, in ce ya ci tun da zafi.