Silinda Takwas a Hanyar Filin Jirgi

A hannun wani tsohon Bature da ke garin Bowie, a ƙasar wajen da muke zaune, na sayi motar, shekara biyu kafin surukina ya zo mana ziyara. Baƙa ce mai ƙofa biyu, ƙirar farkon shekarun saba'in, bonet ɗinta kaɗai ya fi tabarmar sallah tsawo. Silinda takwas gare ta. In na tayar da ita da safe a unguwarmu ta Springfield, sai tagogin maƙwabta sun amsa. Ni kuwa a lokacin ba abin da ke faranta mini rai kamar in ji an ce, "Ga mai baƙar motar nan."

Matata nas ce, ita ma tana da tata, wata 'yar ƙarama mai silinda huɗu da turbo, na'urar nan da ke cusa wa inji iska ya ƙara ƙarfi. Gwangwanin madara nake ce wa motar. A farfajiyar masallacin Sterling, bayan an idar da Juma'a, na sha tafka musu a kanta. Wani abokina ɗan Nijar, direban tasi, ya taɓa ce mini, "Taka ƙara ce kawai da nauyi. In kuka tashi daga danja tare, ta madam ko lambarta ba za ka karanta ba." Na ce masa ƙarya yake, ina huɗu ina takwas? Har ga Allah na yarda da kaina.

Surukina ya yi shekara talatin yana tuƙa tirela tsakanin Kano da Legas kafin ya ajiye sitiyari. Wata biyu ya yi a wurinmu, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Malam yake ce mini, ni kuma in ce Baba kaina a ƙasa. Ana gobe zai koma gida na fito ina wanke motar, na bar injin a kunne. Ya fito a hankali, ya zagaya ta, ya karkata kai yana saurare, sannan ya sunkuya ya dubi ƙasa.

"Malam, tana shan ruwa kuwa?" in ji shi.

"Lafiyarta ƙalau, Baba."

"To, madalla."

Bai ƙara ba, don suruki ba ya tsayawa yana gyara wa mijin 'yarsa magana. Sai ya bi ta wajen 'yar. Da yamma ta same ni ta ce, "Baban yara, Baba ya ce tiyon lagireto ya kumbura, yana tsattsafo da ruwa. Ko mu tafi a tawa gobe?" Na ce mata tirela daban, wannan daban. Na ce babban mutum babbar mota ake sa shi, ba za a ce na raka surukina filin jirgi a cikin gwangwani ba. Wannan maganar da bakina na faɗe ta, kuma ɗakin da yake zaune ba shi da nisa.

Washegari muka kama hanya da rana tsaka, zafin Agusta kamar a bakin murhu. Baba yana gefena cikin farar babbar riga, matata na bin mu da akwatuna a tata motar. Muka faɗa cunkoso a babban titin da ya zagaye birnin, muna rarrafe. Na ga allurar zafin inji tana hawa. Shi ma ya gani. Ya dube ta sau ɗaya, ya kau da kai, ya ciro carbinsa.

Da muka sauka daga babban titin, danja ta tsayar da mu, sai ga matata ta tsaya dab da ni a ɗaya layin. Maganar ɗan Nijar ta faɗo mini. Fitila na yin kore ta tashi abinta, ko kallona ba ta yi ba, ita agogo take dubawa. Ni kuwa na danna totur har ƙasa. Tayoyin baya suka yi ƙara suna juyawa a wuri ɗaya, motar ta yi ruri, gwangwanin ya yi wani ɗan fito ya bar ni a nan. Mai hankali da ya haƙura. Na ƙi ɗaga ƙafa, da tsoho ɗan shekara saba'in a gefena, ina tsere da matar da ba ta ma san ana tsere ba. Sai da muka yi nisa na kamo ta, na wuce ta. Daɗin bai kai minti ɗaya ba na ji wari kamar na ƙonannen sukari, tururi ya taso ta bakin bonet.

Na gangara gefen titi, na buɗe bonet. Don in nuna na san abin da nake yi, na kai hannu na murɗa murfin lagireto.

"Kai, kar ka buɗe!"

Ban san lokacin da ya fito ba. Ya doke hannuna da nasa, amma na riga na murɗa rabi. Tafasasshen ruwan ya yi tsiri ya sauka a bayan hannunsa na dama. Bai yi ihu ba, salati kawai ya yi. Matata ta tsaya a bayanmu, ta juye masa duk ruwan shan da ke motarta, ta ɗauko akwatin magani ta naɗe hannun. Lokacin jirgi ya matso. Baba ya shiga 'yar motar, gwiwoyinsa na taɓa gaba, bakin hannun rigarsa ya yi kore da ruwan lagireto. Ya ce, "Malam, sai Allah ya sake sada mu." Suka tafi, ni na tsaya jiran motar janwe. Haka rakiyar ta ƙare.

Bayan mako biyu yayan matata ya kira daga Kano. Muna gama gaisawa ya ce, "Hannun Baba da sauƙi. Ashe ruwan shayi ya zubo masa a wurinku?" Sai tsohon ya karɓi wayar ya ce, "Malam, a canza tiyon sama. Injin lafiyayye ne, kar ka sayar."

Na canza tiyon, amma ban sake tsayawa musu a farfajiyar masallaci ba. Har yau ba wanda ya san gaskiyar a gidansu. Tabon yana nan, fari, daga wuyan hannu zuwa gindin yatsu. Duk lokacin da na je gida na durƙusa gaishe shi, wannan hannun yake miƙo mini.