Ƙarfen da Ya Rage a Aljihun Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, kafinta ne. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana buga bencinan makaranta, irin dogayen nan da ake haɗa wurin zama da wurin rubutu a jiki ɗaya, a jera su layi-layi kowa na kallon allo. A unguwa ba mai kiran sunansa. Kafinta kawai ake cewa, kamar shi kaɗai ne a garin. Mutum ne mai tsoron aikinsa. Ba ya barin ƙusa ta leƙo, ba ya barin kusurwar tebur da kaifi, don ya ce yaro bai san tafiya ba, gudu kawai ya sani.

Yana da yadda yake aiki. Duk ɗakin da zai yi wa aiki, sai ya ware masa gwangwanin madara guda, ya ƙirga noti da sukurori da sauran ƙananan ƙarafan ɗakin ya zuba a ciki. Ranar da ya gama, dole gwangwanin ya zama fanko. In ya girgiza ya ji ƙara, to akwai abin da bai ɗaura ba, kuma ba zai tafi gida ba. Abokan aikinsa kan yi masa tsiya, wai Kafinta ya fi jariri shan madara.

Labarin nan shi ya ba ni da bakinsa a shagonsa, ba a zama ɗaya ba. Inda ya yi shiru, matarsa, wadda muke kira Inna, ita ta cike mini.

An zo gina sabuwar ƙaramar sakandare a bayan tashar mota, ta yara 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha huɗu. Wadda ta zana ginin mace ce, kullum da hular kwano da takalmin leburori. Ma'aikata suna ce mata Injiniya. Ta sha gaya musu ita mai zanen gine-gine ce, har ta gaji ta haƙura. Ita ta nemo Kawu, ta shimfiɗa masa takarda a kan bulo.

"Baba, ba benci nake so ba," in ji ta. "Tebura nake so masu taya, kowane ɗaya na yara shida, su zauna suna fuskantar juna."

"Suna fuskantar juna? To wa zai kalli malami?"

"Malamin ne zai zagaya ya kalle su."

"Ai kuwa za ki sha surutu."

"Shi nake nema. Su yi musu a kan lissafi, wanda ya gane ya nuna wa wanda bai gane ba."

Sannan ta nuna masa bangon. Azuzuwa takwas ne, bibbiyu a manne, kuma tsakanin kowane biyu babu bulo. Bangon katako ne, fallaye shida, kowane falle a rataye da ƙananan tayoyi biyu a cikin wani dogon ƙarfe mai rami da aka kafe a sama, kamar yadda ake rataya labule. In malamai biyu suna so su haɗa yaransu, sai a ture fallayen gefe, aji biyu su koma babban ɗaki ɗaya. In ana son shiru, a jawo su. Jikin fallayen kuma fentin allo ne, yara su tsaya su yi rubutu a kai.

Kawu ya daɗe yana kallon zanen. Ya ce, "'Yata, a iya sanina bango wuri ɗaya yake zama. Wannan naki har yawo yake zuwa?"

"Yawo kaɗan ne, Baba. Ba zai bar unguwa ba."

Ya karɓi aikin, amma da fargaba. Falle ɗaya ya fi ƙaton mutum nauyi, sai maza uku suke ɗaga shi. Dogon ƙarfen nan kuma, kansa ɗaya ya shige cikin siminti, ɗaya kan a buɗe yake wajen ƙofar aji, domin ta nan ake zura tayoyin. In an gama zurawa, sai a toshe bakin da wani ɗan ƙarfe kamar kwalin ashana, a ɗaure shi da noti biyu. Ma'aikata birki suke ce masa. In babu shi, fallen da aka tura da ƙarfi zai wuce ƙarshen layi ya suɓuto, kuma daidai bakin ƙofa zai faɗo, inda yara suke cunkoso.

Da aiki ya yi nisa, sai abin ya shiga ransa. Ya saita tayoyin har ya zama da hannu ɗaya za ka tura falle ya tafi sumul. Inna ta ce a lokacin ba shi da hira sai ta bango, har ta tambaye shi ko nata ɗakin ma taya zai sa masa.

Saura kwana biyu a miƙa gini, mai tayil ya gama shimfiɗa ƙasa, sai aka ga daɓen ya ƙaru da kaurin yatsa. Duk fallayen suka riƙa kartar ƙasa. Ba yadda za a yi sai an sauke su gaba ɗaya, ashirin da huɗu, a goge gindinsu a mayar, kuma a yini guda. Kawu ya nemi gwangwanayensa bai gan su ba. Masu shara sun ɗauka bola ce, sun kwashe. Ba lokacin neman wasu, sai ya riƙa kwance birki yana jefawa a aljihu. Mai silin kuma yana biye da shi da tsani, yana jiran ya rufe saman ƙarfen da katako.

"Kafinta, ka gama? In rufe?"

"Rufe."

Haka suka bi ɗakunan, wannan na kira, wancan na kira, har aka gama.

Ranar Litinin aka buɗe makaranta. Ranar Alhamis da hantsi Kawu yana zaune a tsakar gida da kofin shayi, Inna tana wanki. Ta ɗaga rigar aikinsa ta ji nauyi a aljihun ciki.

"Maigida, wannan fa? Saura kaɗan ya fasa mini baho."

Ta miƙa masa. Birki ne, da notinsa biyu a jiki.

Ya ce mini bai san lokacin da ya ajiye kofin ba. Layi huɗu ya ɗaura, birki huɗu ya kamata su kasance a sama, ga ɗaya a hannunsa. Ya rufe ido ya bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya a ransa, amma duk kamarsu ɗaya, duk muryar mai silin yake ji. Bai san wane ɗaki ba ne. Kuma ko ka tsaya a ƙasa ka ɗaga kai ba za ka gani ba, katako ya rufe wurin.

"Mene ne shi?" Inna ta tambaya. Ya gaya mata.

"To me kake jira?"

Da ya zo nan a labarin, sai ya ajiye guduma ya dube ni. Ya ce, "Ɗan nan, ba zan ɓoye maka ba. Na ce a raina, ai kwana uku sun wuce lafiya. Akwai rarar ƙarfe kamar kamu ɗaya, malamin da ya tura a hankali zai tsaya kafin ƙarshe. In bari a tashi ƙarfe biyu, in je da tsani kamar mai duba fenti, in ɗaura abina, babu wanda zai sani."

Abin da ya ce wa Inna shi ne, "In na je na faɗa yanzu, sunana ya ɓaci. Wa zai ƙara ba ni aikin makaranta?"

"Ana maganar kawunan 'ya'yan mutane kana maganar suna? Malami ne kaɗai yake da hannu a makarantar? Kai da bakinka ka ce yaro ma zai iya turawa."

Ta ɗauko takalmansa da hannu duk kumfa ta dire a gabansa.

Ya kira Injiniya, waya ta yi ta ringi ba a ɗaga ba. Ya soke sifana a ƙugu ya hau kekensa. A mahaɗar tasha wata tirela ta tokare hanya tana ƙoƙarin juyawa, ya sauka ya ja keken ta gefen kwata. Can ya ji jiniya daga nesa, ya tsaya yana duban inda za ta nufa. Da motar mai jiniyar ta wuce ya ga ba wajen makaranta ta nufa ba.

Mai gadin sabo ne, bai san shi ba.

"Baba, ba a shiga lokacin karatu. Kana da takarda?"

"Ni na yi bangon katakon nan."

"Sannu da aiki. Ka dawo an tashi."

Kawu ya kama ƙarfen ƙofar da hannu biyu. Nan ne ya fara faɗa da ƙarfi, a gaban mai sayar da biro da wasu mata biyu da ke wucewa: "Akwai bangon da zai faɗo wa yara. Ni na yi kuskuren. Buɗe."

Mai gadi ya buɗe.

Shugabar makaranta dattijuwa ce mai tabarau. Ya ajiye mata birkin a kan tebur, ya yi bayani a tsaye. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wane aji?"

"Ban sani ba, Malama."

"Ba ka sani ba."

Ta miƙe. An riga an kaɗa ƙararrawar komawa aji daga hutun tara. Ta ce ita za ta bi hagu, shi ya bi dama, duk inda ya shiga ya ce kada a taɓa bango.

Azuzuwa biyun farko bangonsu a rufe yake. Ya leƙa ya gaya wa malamar, ya wuce. Kafin ya kai na gaba ya ji ƙarar da ya fi kowa sani, gurnanin taya a cikin ƙarfe. Ya shiga da gudu. Wani matashin malami ne ya ce a buɗe bango, ya juya yana raba takardu. Yara huɗu sun sa kafaɗa a bayan fallen farko, sun ƙirga uku, sun taso da shi a guje suna dariya. A daidai ƙofa akwai tebur, yara shida sun haɗa kai a kan wani zane.

Ya ƙwala ihu. Amma ɗakin cike yake da surutun nan da Injiniya take nema, yara sittin kowa na magana, muryarsa ta nutse a ciki.

Ko a lokacin bai san ko ɗakin ne ba. In akwai birki, fallen zai buga ƙwal ya tsaya. Ya ce kunnensa gaba ɗaya ya tafi yana jiran wannan ƙarar. Ba ta zo ba. Tayar gaba ta fito daga bakin ƙarfen, fallen ya sunkuyo, kusurwarsa ta daki tayil ta fasa, ya fara karkatowa kan teburin.

Kawu ya shige ƙarƙashinsa ya tare da kafaɗa. Ya ji wani abu ya ce ƙas a gindin wuyansa, kamar busasshen katako. Taya ɗaya ce kawai ta rage a sama, tana kuka.

"Malam, fitar da su! Fitar da su!"

Ɗakin ya yi tsit. Biyar daga cikin yaran teburin suka watse. Wata yarinya mai jan biro a hannu ta shige ƙarƙashin teburin ta ƙame, tana kallon ƙafafunsa da ke zamewa a kan tayil. Ya san in ya daka mata tsawa za ta miƙe tsaye, kanta ya daki katako. Sai ya sassauta murya.

"'Yar nan, kina ji na? Kada ki tashi. Rarrafa ta can, wajen taga. Yawwa. Bar biron. Je ki."

Ta rarrafa ta fita. Malamin da mai gadi da wani malami daga ajin gaba suka kama, suka kwantar da fallen a ƙasa. Kawu ya zauna a inda yake, hannunsa na dama yana lilo.

Ƙashin wuyansa ne ya karye. Injiniya ta same shi a asibiti da yamma, ta zauna a bakin gado da hular kwanonta a cinya. Ya gaya mata komai, har da tunanin da ya yi na jiran ƙarfe biyu.

Ta ce, "Laifinka ne, Baba, ba zan ce ba naka ba ne. Amma ni na zana abin da ran yara ya rataya a kansa, na kuma sa aka ɓoye shi inda ido ba ya gani."

Ta sa aka yanke katakon silin a bakin kowane layi, aka yi wa birkunan walda, aka shafa musu jan fenti yadda ko daga ƙofa za ka hango. Iyaye sun taru, wasu suka ce a rushe a sa bulo kowa ya huta. Mutum uku sun cire 'ya'yansu. Shugabar ta tsaya a kan a bar bangon, amma malamai ne kaɗai za su riƙa turawa. Da aka zo gina ɓangare na biyu, wani kafinta aka ba.

Hannun ya warke, sai dai ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. Aikin tsani ya ƙare masa. Yanzu kujeru da ƙananan tebura yake yi a shago, yana zaune.

Maƙwabcinsa mai sayar da kayan lantarki yana da ƙofar ƙarfe irin wadda ake turawa gefe a kan taya. Kullum da yamma in ya zo rufewa, ko a tsakiyar magana Kawu yake, sai ya yi shiru, guduma a hannu, idonsa a ƙasa. Ba ya motsi sai ƙofar ta kai ƙarshe ta buga. Sannan ya sauke numfashi ya ce mini, "Ina muka tsaya?"