Surukina Mai Kwalekwalen Yambu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Rajab na shekarar 1406, da hantsi, Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin matata Halimatu, a gidansa da ke Ƙuba. Aka sallace shi a Haramin Madina bayan La'asar, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Sunansa ba zai fito daga alƙalamina ba, kamar yadda bai taɓa fitowa daga bakina ba, domin a kan haka aka rene ni a Katsina. Amma duk Bahaushen Madina ya san kafintan nan da ake tsokana da Sarkin Ruwa, a garin da ko kududdufi babu.

Baba, kunya ce ta haɗa ni da kai, da ita kuma nake rubutun nan. Ka ba ni 'yarka ina baƙo mai tuƙin mota da iƙama, takardar izinin zama, ba ka tambayi komai ba sai masallacin da nake sallar Asuba. Tun daga ranar na shiga abin da aka koya mini. Ba na cin abinci a gabanka, ba na ɗaga kai in dube ka, in na hango ka a layi sai in tuɓe takalmi in durƙusa. 'Ya'yanka haifaffun nan, masu sa hannu a akushi ɗaya da kai, sun mai da ni abin dariya. Babbansu Abdulsalam yakan ce da Larabci wai in ana neman Khalilu a duba bayan ƙofa. Kai kaɗai ne ba ka taɓa yin dariyar ba.

Mahaifinka masunci ne daga Yawuri, ya zo Hajji a ƙafa ya zauna. Sana'ar ba ta biyo ka ba, amma son ruwan ya biyo ka. Duk Alhamis sai ka rufe shago, ka kama doguwar hanyar Yambu ta bakin teku, inda ka ajiye ɗan kwalekwalen da mutanen gaɓa ke kira huri. Itace ɗaya ne aka fafe, mutum biyu yake ɗauka da ƙyar. Babu inji, babu na'urar nan da samarin matatar mai suka fara ɗaurawa a jiragensu don ta nuna musu kifi. Filafili ne, da zare, da fatsa, da dalma. Ba ka taɓa sayar da kifi ko ɗaya ba. Ran Juma'a gidajen zawarawan Ƙuba da na Jurf su ke tashi da ƙamshin kifin najil, kai kuma ka ci kawunan.

Da idonka ya fara gajiya da tuƙin mota, ka aiko Halimatu ta ce in raka ka. Na yi ta zufa. Yaya mutum zai wuni da surukinsa a cikin abin da bai fi tabarmar salla faɗi ba? Ashe ka riga ka warware. Ka zaunar da ni a goshin jirgi ina fuskantar teku, kai ka zauna a baya. Da rana ta take, sai na ga bakin filafili ya zuro ta gefena, da gurasa da dabino a kai. Na ci ina ba ka ƙeya, ka ci kana kallon ƙeyar, ba wanda ya keta wa wani komai.

Ban iya ruwa ba, kuma ban iya buɗe baki in gaya maka ba. Ka miƙo mini jarka wofi da igiya, ka ce al'adar jirginka ce duk wanda ke gaba ya ɗaura ta a ƙugu. Sai a zaman makoki Abdulsalam ya ce shi bai taɓa jin wannan al'ada ba. Ranar da teku ta juya mini ciki na yi ta amai kuwa, kai waƙen yabon Annabi ka ɗauka da ƙarfi, har na gama.

Akwai wurin da kake zuwa, wani dutse a ƙarƙashin ruwa da ba ya nuna kansa a sama. Da alamun tudu kake gane shi. In giɓin Dutsen Radwa ya hau daidai kan wani farin tankin ruwa, alama ta farko ke nan. Sai a bi wannan layi har hasumiyar wani masallaci ta ɓuya bayan wani abu, sannan a saki dalma. Ka so ƙwarai wani ya riƙe wannan bayanka. 'Ya'yanka sun fi son ƙwallo, saura ni. Amma tudu a baya yake, kai kuma kana tsakanina da tudun. Duk wanda zai ga alama sai ya ga fuskarka. Shekara da shekaru kana faɗa a hankali, kamar da kanka kake magana, cewa ga giɓi ya hau tanki, ga hasumiya ta ɓuya. Ni kuwa in ce "To, Baba," idona a kan ruwa.

Fitarmu ta ƙarshe a watan jiya ce. Na ji tuƙinka ya canja, jirgin na karkata hagu, kana hutawa a inda ba ka saba ba. Da muka kusa wurin sai ka ajiye filafili.

"Khalilu," ka ce, "juyo."

Na ce ina jin ka a haka.

"Na san gidan da ka fito, kuma na gode wa waɗanda suka rene ka. Amma kunya ba ta nuna wa mutum tudu. Juyo."

Na juyo, jirgin na rawa. Na ga giɓin, na ga tankin a ƙarƙashinsa. Sannan na gan ka. Na ga kumatunka sun zurma, fararen idonka sun yi ruwan ɗorawa. Na ga kana da tabo a gira, wanda kowa a Ƙuba ya sani ban da ni. Kana murmushi. Abin ya fi ƙarfina, na sunkuyar da kai kafin ka nuna mini hasumiyar. Ka ce ɗaya ta isa yau, wata Alhamis ɗin na ga ta biyun. Ranar ka kama kifin sha'ur guda, ka sake shi. Ba mu ƙara wata Alhamis ba.

Ran Talatar nan ina tsugune a waje cikin jama'a, Abdulsalam ya fito ya dafa ni. Hausarsa ba ta da yawa, amma da ita ya yi mini magana.

"Abuya, mahaifinmu, ya bar wasiyya. Ya ce kai za ka yi masa wanka."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce ga 'ya'yansa, ga limamin unguwa, ni suruki ne. Ya ce shi ma ya faɗa maka haka, ka ce ai shi ya sa. Na shiga. Na wanke hannuwan da zare ya yi wa kanta, na wanke tabon, na wanke fuskar sau uku kamar yadda ake yi. Na dube ka iya dubawa, a lokacin da ba za ka iya duba na ba. Ban san mutum na iya jin kunya da godiya a lokaci ɗaya ba sai ranar.

Alama ɗaya gare ni, Baba, kuma ina jin nauyin faɗin haka. Sai dai ka taɓa cewa mai alama ɗaya bai ɓata ba, layi gare shi, ya bi shi yana sakin dalma har ya ji ta bugi dutse. Abdulsalam ya ce in an yi arba'in zai bi ni. Shi zai zauna gaba, na kuma ajiye masa jarkar.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, mahaifiyar Halimatu, da Abdulsalam da ƙannensa, da Halimatu da ta kwana kan ƙafarta tana jinya, da gidajen da Juma'arsu ta zo babu kifi. Allah ya ba mu haƙurin rashi. Ya Allah ka jiƙan bawanka, ka yafe kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka suturta shi kamar yadda ya suturta ni, ka shayar da shi daga tafkin Annabin da ya yi wa maƙwabtaka raye da mace. Allah ya haɗa fuskokinmu a Aljanna. A can, Baba, in ka kira ni, sau ɗaya za ka faɗa.