Gwangwanayen da Muka Kai wa Malamin Asibiti

Shekarar da 'yata ta biyu ta rasu muna zaune a Funtua, maigidana yana aiki wurin gurzar auduga. Watanta tara. Amai ya fara mata ranar Talata, gudawa ta biyo baya kamar an buɗe famfo, kafin Juma'a maɗigarta ta faɗa. Tsofaffi suka ce haƙori ne, in yi haƙuri. Na yi ta haƙurin har aka fita da ita a tabarma.

Ko sati ba a rufa ba sai ga wani malamin asibiti da takardu. Wai wani likita ke son sanin yawan yaran gari da gudawa ke kamawa, saboda wata ƙwayar cuta da suke kira rota. Unguwar da abin ya yi tsanani za a turo mata masu koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari. Namiji ba ya shiga cikin gida, don haka a zaure ya tsaya. Ina bayan ƙofa ina ji.

"Maigida, yara lafiya?"

"Lafiya lau, sai godiya," in ji mijina.

Ko gawa ce kwance a ɗaki, amsar Bahaushe ke nan, malamin kuwa ya sani sarai. Sai kawai ya ja layi a takarda. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba.

"Malam, ranar Juma'a aka binne mana yarinya. Gudawa ce."

"Allah ya jiƙanta," ya ce. "Amma zawon haƙori ba ciwo ba ne. Kuma ni da masu gida nake magana."

Wallahi da akwai taɓarya a hannuna da ya sha ta. A ranar na ƙudura sai na kunyata mutumin nan, ko da zai jawo mini saki.

Maƙwabciyata, wata Kirista 'yar Malumfashi da ke shara a asibitin, ita ta tsegunta mini sauran. An ba shi 'yan kwalabe ya karɓo kashin yaran da ke ciwo don a auna, ya mayar da su wayam, ya ce unguwarmu tas take. Likitan kuma zai duba takardun ranar Litinin.

Na ce wa maigida zan zaga ban gajiya wurin waɗanda suka zo mana gaisuwa. Wa zai hana wannan? Gida-gida na bi, ban tambayi kowa lafiyar yara ba. Igiyar shanya nake duba. Inda na ga tsummoki sun yi layi sai in ce, "Yaya, sau nawa kika wanke yau?" Nan take baki ke buɗewa. Kowacce na bar mata gwangwanin madara, na gaya mata abin da za ta zuba ciki.

Ranar Litinin da hantsi muka ɗunguma asibiti, matan kowacce da goyonta da gwangwaninta rufe da ganye. Muka tarar da malamin ya sha farin kaya, yana nuna wa likita takardarsa. Ban yi sallama ba, Allah ya yafe mini wannan. Mata suka riƙa jera gwangwanaye a kan teburinsa har kan takardar, ƙudaje suka taya mu.

"Wace unguwa ce wannan?" likitan ya tambaya.

"Wadda take tas," na ce.

Likitan bai yi faɗa ba. Cewa ya yi malamin ya juye kowane gwangwani a kwalba da hannunsa, ya rubuta watannin yaro da kwanakin ciwo, daga bakin uwar. Yana yi yana toshe hanci, gumi na ɗiga. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi.

Ni ce ta ƙarshe a layi. Bai ɗago kai ba ya miƙo hannu.

"Ke ina naki?"

Na kwance mayafina na juya masa baya, ya ga babu goyo.

"Wata tara," na ce. "Kwana huɗu. Rubuta, Malam, ina kallo."