Rijiyar da Kurciya Ba Ta Haƙa Ba

A gidanmu na Ƙofar Taramniya ba a kashe wutar murhu da an sauke tuwo. Kakarmu, Inna Tumba, takan jawo kujerarta kusa da garwashin da ya rage, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo, mu jikoki mu kewaye ta kafin a kira sallar isha'i. Ba ta kwaikwayon muryar kura, ba ta waƙa sai dole. Takan faɗi tatsuniya kamar mai ba da shaida gaban alƙali, kuma ina jin a wurinta na fara koyon aikina na karanta labarai a rediyo.

"Ga wata nan tahe," takan ce.

"Ta iso, muna ji."

In na matsa kusa da wuta sai ta zungure ni da sanda. "Ja da baya, maigida. Mijin da ba shi cehwane ba shi jin ɗumi."

Akwai guda ɗaya da ba mu so, domin ba ta da dariya. Wata shekara aka yi fari, 'ya'yan tsuntsaye suna mutuwa da ƙishirwa. Aka ɗora wa Kurciya neman waɗanda za su haƙa rijiya. Ta tafi wurin Giwa, ta yi kwana uku tana yi mata kirari, har Giwa ta ce za ta zo. Ranar aiki, tun da asuba sai ga tururuwa, ba wanda ya gayyace su, kowace tana ɗaukar ƙwayar ƙasa ɗaya tana fitarwa. Kurciya ba ta ce musu sannu ba. Da ta hango ƙurar Giwa ma sai ta ce su kauce daga hanya.

Giwa ta zo, ta buga ƙafa sau ɗaya, ƙasa ta lotsa, ruwa ya ɗan tsatso. Aka yi guɗa. Giwa ta wuce dajin da ake jiranta. Kwana biyu ruwan ya ƙafe.

"Sai Kurciya tat tai ramin tururuwa," in ji Inna Tumba. "Sunka ce mata: ran da munka zo ba ki gan mu ba, yau mi ya buɗe miki ido? Shi ya sa har gobe kurciya sai sawun dabbobi take shan ruwa."

"Ɗiyan tsuntsayen fa, Inna?"

"Na ce muku sun sha?" Sai ta tona garwashi da tsinke. "Ta ƙare. Wanda ya ji shi riƙe."

Ban riƙe ba.

Shekaru da yawa bayan rasuwarta, ina cikin wata ƙungiya a Runjin Sambo da ke koya wa matasa ɗinki da gyaran Keke Napep. Iskar farkon damina ta yaye rufin rumfar da muke koyarwa a ciki, kekunan ɗinki suka sha ruwa. Muka shirya taron gidauniya. Wata guda muna sintiri gidan wani attajiri, muna zama a zaure har ya amince ya zama babban baƙo. Da yake ni ne mai muryar rediyo, ni aka ba lasifika.

A irin wannan taro, duk wanda ya ba da gudummawa ana kiran sunansa a tafa masa. Na kira na attajirin da abokansa, kowa da laƙabinsa. Matan unguwa kuwa sun zo tun kafin a jera kujeru. Goggo Ladi mai ƙosai, wadda take ba yaranmu karin kumallo kyauta in sun wayi gari hannu wofi, ta kwance bakin zanenta ta sa abin da ke ciki a faranti, ta tsaya tana kallona. Shugaban ƙungiya ya raɗa mini: "Malam, Alhaji zai tashi, bar ƙananan nan." Sai na yi abin da na saba yi in lokaci ya ƙure a ɗakin watsa labarai. Na ce, "da sauran jama'a."

Abin da attajirin ya aiko ya rufe rabin rumfar. Da muka koma sai aka ce ya yi tafiya. Damina ta biyu ta ƙarasa sauran, muka sa kwaɗo.

Bara aka kira mu bitar koyon neman tallafi. Malamar ta ce mu fara da maƙwabta, mu san kowa da sunansa, mu gode masa, mu koma mu nuna masa abin da taimakonsa ya yi. Ina rubutawa, ina jin ƙamshin garwashi. Abin da aka tara mu a otal ana koya mana, tsohuwa ta ba ni shi kyauta ina ɗan shekara takwas.

Muka fara bin gida gida. Ni na zaɓi zuwa wurin Goggo Ladi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba tare da ta daina juya ƙosai ba. Na yi bayani tsaf, yadda aka koya mana.

"Ɗan nan, ai ina jin ka kullum," ta ce. "Sunan sarakunan ƙasashen da ban san inda suke ba ma kana hwaɗi daidai. Nawa ne yay yi maka nauyi?"

Ta ƙulla mini ƙosai a takarda, ta ƙi karɓar kuɗi, ta juya ta ci gaba da sallamar masu saye.

Ina yaro na ɗauka laifin Giwa ne da ta tafi. Yanzu na san Giwa ba ta yi alkawarin zama ba. Rumfar na nan a rufe. Wasu daga cikin yaran suna kabu-kabu da babur, wasu ban san inda suke ba. In na wuce da safe nakan ga kurciyoyi a bakin ƙofar, suna shan ruwan da ya kwanta a sawun taya.